Tuwon Hajiya ya jawo min haraji biyu

Jama'a, garin neman gira yau na rasa ido.

Kun san na yi appeal, wato ɗaukaka ƙara, a rage min council tax, harajin gida ke nan, don ni da maƙwabcina a nan unguwar Tottenham ta Landan gidanmu iri ɗaya ne, amma na fi shi biya. To ɗazu mai duba gidan ya zo. Ya zaga, ya yi rubuce-rubucensa, har ya nufi ƙofa. Sai Hajiya mahaifiyata ta tare shi, wai baƙo ba ya tafiya da yunwa. Ina ƙifta mata ido, ta ja shi ɗakinta da ke garden, can bayan gida, inda na sa mata banɗaki da cooker, wato murhu, saboda girkin daddawa.

Loma biyu ya yi na tuwonta, ya zaro tef ɗin awo. Ya ce wannan gida ne mai zaman kansa, harajinsa daban.

Ya ce amma in ta kai shekara sittin da biyar, an yafe. Hajiya ta ce, "Alhamdu lillahi, saba'in ba biyu."

Na ɗauko fasfonta. Sittin da ɗaya! Ashe ta rage shekaru tun tana aikin gwamnati.

Ta dube ni ta ce, "Ƙara masa miya, ko zai yi mana sassauci."