Injin da ke kan rufinmu

Maigidana bakanike ne. Tun da muka zauna a unguwar Misfala a ƙasa mai tsarki bayan hajji, ba takarda, gyaran mota ya zama neman abinci kawai a wurinsa. Ransa na kan wani tsohon inji da ya hau da shi rufi gunduwa-gunduwa. Cewa yake inji almubazzari ne: ya sha mai, ya yi aiki da kaɗan, sauran ya watsar da shi zafi ta salansa. Shi so yake ya tare zafin nan ya mayar ciki, har jiragen sama masu tsananin gudu su amfana.

Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni. A garin da rana ke gasa mutum tun hantsi, a ce mijina zafi yake tarawa! Tukwanena ya yanke ya yi bututu, shanyata kullum warin hayaƙi. Na yi mita har bakina ya gaji, shi kuma ya yi furfura a kan rufin.

Ba inda zai kai aikin, don kowace ƙofa iƙama, takardar izinin zama, ake fara tambaya. Sai wata ƙawata ta unguwar Zahir ta roƙi ɗanta, injiniyan jirgin sama, haifaffen nan, ya zo ya duba. Ranar maigida ya sa farar jallabiya, ya tada injin, yana bayani. Injiniyan ya durƙusa ya leƙa ko'ina, ya yi ta masha Allah, ya ce zai kira.

Da na raka shi matakala sai ya tsaya, Hausarsa na ɗingishi.

"Khala, wallahi Ammi maigidanki yana da kai. Bas wannan abu an gwada shi min zaman, tun ba a haife ni ba. A jirgi nauyinsa ya fi amfaninsa. An bar shi."

"To me ya hana ka faɗa masa?"

"Ma agdar, ba zan iya ba. Ke ki faɗa."

Ni da ba a taɓa kama ni da nauyin baki ba, na kasa. Tausayin maigida ya kama ni. Tun ranar na daina mita, har shayi nake hau masa da shi, ina kallon aikin baban giwa.

Kira bai zo ba, idon maigida kuma ya fara gazawa. Shekaranjiya da na ajiye masa kofi, ya riƙe hannuna da hannunsa mai baƙin mai.

"Na gode, Hajiya," ya ce. "Dama na san wata rana za ki yarda da aikin nan."