Filafilin Baba da Jirgin Savonlinna

Ana idar da sallar asuba muka bar Haɗeja, ni da abokan aikina da aka gayyace mu taron kula da fadamu a ƙasar Finland. Jikina na cikin mota, hankalina na ƙauyenmu can bayan Guri. Ana gobe tafiyar muka rabu da Baba ba daɗi. Ambaliyar bara ta ci katangarsa, ni da ƙannena mun yanke shawarar dawo da shi gari kafin ruwa ya sake cika. Shi kuwa magana ɗaya yake nanatawa: "In na tashi, wa zai riƙe filafilin gidan nan ran Juma'a?" Da damina ruwa kan raba ƙauyenmu da masallacin Juma'a, sai maza su shiga babban kwalekwale ɗaya, kowane gida da matuƙinsa da filafilin da yake tuƙi da shi. Ni dai na ɗauki zancen rigimar tsufa.

Daga Kano jirgi, daga jirgi wani jirgin, har Helsinki. Nan muka hau jirgin ƙasa zuwa Savonlinna, tsohon garin da ke zaune a kan tsibirai cikin tafkin Saimaa. Hanyar daga itace sai ruwa, daga ruwa sai itace, har na fara zargin direban zagaye yake yi da mu. Tsada kuwa, shayi ɗaya na saya na tuba. Ita ma rana ba ta da niyyar faɗuwa, sai da muka gaji da jiran magariba. A kasuwar bakin ruwa suna soya wani mitsitsin kifi wanda a Auyo, can wajenmu, kyauta ma sai an roƙe ka. Na yi masa kallon raini, sannan na ce a ƙaro.

Wata dattijuwa ce ta zaga da mu. Ta kai mu wani katafaren sansanin yaƙi na dutse a tsakiyar ruwa. Ta ce masu mulkin Sweden ne suka gina shi sama da shekara ɗari biyar da suka wuce, don su tare Rashawa. Ruwan da mu muke gudu, shi ne ganuwarsu. Daga baya Rashawa suka karɓe shi, su ma zamani ya kore su. Masunta da masu turo gumagumai ta ruwa, waɗanda garin ya taso da su a gindin sansanin, jikokinsu suna nan.

Amma abin da ya tsayar da ni wani dogon jirgin ruwa ne na katako da ta nuna mana. Ta ce a da mutanen ƙauye kan haɗu su sassaƙa irinsa, kowane gida da filafilinsa da mazauninsa, ran Lahadi su tuƙa zuwa coci. Na tambaye ta, in gida ya tashi fa? Ta ce, "Sai mazaunin ya zauna ba kowa, jirgin ya riƙa ja gefe ɗaya, kowa ya san wane gida ne ya tafi." Yanzu hanyoyin mota sun zo, sai tsere ake yi da jiragen don nishaɗi. Kewar Baba ta kama ni a wurin, har na kasa bin sauran bayanin.

Da muka dawo ban kwana a Haɗeja ba, na wuce ƙauye. Na iske ruwa ya fara cika. Na ce, "Baba, magina za mu kawo su ɗaga harsashin gidan da dutse. Ba inda za ku."

Na tsallaka duniya na koyo cewa ba gini ke riƙe gari ba, mutanen da ba a rasa su a mazauninsu ne. Ran Juma'a a bakin ruwa Baba ya miƙo mini filafilin. "Tun daminar bara ba na iya ja, maƙwabta ke rufa mini asiri," ya ce. "Zauna nan, wurin kakanka ne."