Jaje a Kantin da Ya Karye

Shekarar da na haifi ɗana na biyu, mahaifiyata Hajiya ta zo unguwarmu Longsight, a ƙasar Turawa, ta yi mini zaman jego. Da mayafi kawai ta sauko daga jirgi, ana tsakiyar sanyi. Kwana uku tana tari, na ce wallahi sai an saya mata kwat mai kauri, ko tana so ko ba ta so.

A shekarun nan kantuna sai mutuwa suke yi. Council, wato ƙaramar hukuma, na ta rage ma'aikata, kowa ya tsuke bakin aljihu. A wata babbar kasuwa mai rufi da ke tsakiyar gari akwai wani tsohon kanti mai hawa uku, wanda maƙwabciyata ta ce a nan uwarta ta sayi rigar aure. Ranar da muka je an karya farashin komai. Hatta katakon jera kaya da gumakan da ake sa wa tufafi an manna musu kuɗi. Ni kam na tsaya ina tunanin wa zai sayi gunki marar kai, kuma ina zai ajiye shi.

Na zaro kwat na ɗora mata, ya zauna daidai. Ta tambayi dalilin wannan araha.

Na ce, "Closing down suke yi, Hajiya. Kantin ya karye."

Nan take ta cire. Ta daɗe tana sayar da atamfa a cikin gida, ta san ciwon karayar jari. Ta ce, "Mutum ya karye, ki zo ki kwashi kayansa ba ko jaje? Ba zan sa ba. Ina mai kantin?"

Abin mamaki, ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Na tambayi wata dattijuwar Baturiya mai karɓar kuɗi. Ta ce na kamfani ne, kamfanin ma wani kamfani ya saye shi, ita ba ta taɓa ganin fuskar kowa ba. Tun tana budurwa take aiki a nan, kuma ranar Asabar za ta gama.

"To ai ita ce mai kantin," in ji Hajiya.

Ta kama hannun matar da hannu bibbiyu. "Ashe abin da ya faru ke nan? Sannu. Allah Ya mayar da alheri." Ni ina fassarawa, kunya kamar in nutse, ga layi ya yi tsawo a bayanmu.

Dattijuwar ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa. Ta ce makonni ke nan mutane na tambayar ta ko za a ƙara ragi, babu wanda ya ce mata sannu.

Sai ta bar layin nan a tsaye, ta zagayo, ta ɗauki kwat ɗin ta sa wa Hajiya da hannunta, ta ɓalla mata maɓallan har wuya. Hajiya ta tsaya cak, ta bar ta ta gama.