Lefteris Mai Wasiƙu Ya Shiga Teku

Shekara talatin da takwas Lefteris, mijin yayata Argiro, ya yi yana raba wasiƙu a garinmu. Kullum yana bin bakin teku da jakarsa a kafaɗa, amma ruwan bai taɓa jiƙa masa ko idon sawu ba. Ɗan kan tsauni ne, aiki ya gangaro da shi wajenmu. A ganinsa teku gidan kifi ne, shi kuwa ba kifi ba ne.

Bai iya ajiye wasiƙa ya wuce ba. Sai ya ƙwanƙwasa, ya tambayi mai gida yaya ƙafa, ya sha gahawa, ya karanta wa wadda idonta ya yi rauni. Ya san karen da ke cizo da wanda sai baki. Shi ya sa wasiƙar safe ba ta isa unguwar sama sai rana ta yi sanyi. Mun yi ta ƙorafi, amma ranar da bai zo ba sai ka ga mutane a bakin ƙofa suna leƙen hanya.

Da ya yi ritaya aka yi masa liyafa, aka ba shi agogon bango. Ya koma zaman shagon gahawa da sauran 'yan fansho, ana buga dara ana gyara gwamnati da baki. Kafin wata uku mutumin ya rame, ya daina surutu. Likita ya duba bai ga komai ba. Ni na san ciwon. A garinmu namiji ba ya ƙwanƙwasa ƙofar mutane haka siddan, shi kuwa an karɓe masa jakar da ke ba shi dalili.

Mu biyar ne, tsofaffin mata, muke wankan teku kowace safiya da hulunanmu a ka, kowace na ƙirga wankanta na shekara don ta yi wa sauran gori. Wata safiya a watan Mayu na ɗago kai, sai ga Lefteris tsaye a kan yashi da gajeren wando, ƙafafu fari fat.

"Stamatiya, koya mini iyo," ya ce.

"Mijin Yaya, rana ce ta buge ka?"

"Gicciye nake so in kamo."

Sai da na zauna a ruwa don dariya. Ranar shida ga Janairu, ranar baftismar Almasihu, Fada, limamin cocinmu, kan jefa gicciyen katako cikin teku a tsakiyar sanyi, maza su faɗa su bi shi. Wanda ya kama shi ne zai zaga da shi gida-gida a sumbata a samu albarka. Nan take na gane inda ya dosa: kowace ƙofa a garin za ta sake buɗe masa.

"Kai da ko a baho sai ka riƙe gefe?" na ce.

"Na je wurin Fada Serafim, na ce masa ni kam na gama aiki a duniya. Ya ce gidan waya ne ya sallame ni, Ubangiji bai aiko da tasa takardar ba tukuna. Kin san ni, ba na tashi daga aiki sai na ga takarda."

Da Yaya Argiro ta ji, magana ɗaya ta yi mini: "In ya nutse, ki bi shi. Kada ki dawo mini gida."

Na ɗaura masa galan biyu na man zaitun da ba komai a ciki. Kafin ya taka ruwa sai ya yi alamar gicciye sau uku, ya yi addu'a mai tsawo har muna cewa ko so yake tekun ya ƙafe. Ya sha ruwan gishiri har ya gode Allah. 'Yan shagon gahawa suka mayar da kujerunsu suna fuskantar teku.

"Lefteris, kifaye sun samu wasiƙa?"

"Sun ce a gaishe ku. Sun ji labarin ba ku da aikin yi."

A watan Agusta ya yar da galan. Mu mata muka daina wanka a ƙarshen Oktoba kamar masu hankali, shi ya ci gaba. Kunya ta sa nake binsa da tawul ina tsaye cikin iska ina masifa. Wankansa na shekarar ya kai ɗari biyu da goma sha biyu, nawa tamanin. Har yau abin na ci mini rai. Duk da haka na fara alfahari da shi, ko da yake ban gaya masa ba.

Ranar ta zo. Maza goma sha huɗu suka jeru a bakin gaɓa, shi a tsakiya da shekara sittin da takwas da furfura har a ƙirji. Fada ya yi addu'a ya jefa. Kafin Lefteris ya wurga hannu sau goma, Fotis mai gyaran wuta, wanda ya taso daga birnin Atina shekara biyu da suka wuce, ya riga ya ɗaga gicciyen sama.

To amma ba a fita daga ruwa sai duk wanda ya shiga ya iso ya sumbace shi. Haka maza goma sha uku suka tsaya cikin wannan ƙanƙarar suna jiran mutumin da bai taɓa kai saƙo a kan lokaci ba.

"Baba Lefteris, don Allah ka iso kafin bikin Ista dai," wani ya yi kira, haƙoransa na haɗuwa.

Ba wanda ya fita. Lefteris yana tafe a hankali, kai a sama, har ya isa ya sumbata. Yaya Argiro ta damƙe hannuna tana kuka tana zaginsa. Da ya fito na lulluɓe shi. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, wata takwas na wahala sun tafi ga wani.

"Ruwan ya yi daɗi," ya ce, bai dube ni ba.

Muna nan sai ga Fotis da gicciyen a kan faranti, an kewaye shi da ganyen ɗoɗɗoya.

"Baba, ni fa ban san gidajen garin nan ba, sai wanda wutarsa ta lalace. Ka shige gaba in bi ka."

Lefteris ya ɗan ja aji, na tsawon sa takalmi.

Da can samari a kan babur suke zagayen, su bi babban titi, awa biyu an gama. Na wannan shekarar kwana uku ya ɗauka. A rana ta biyu Fotis ya ce cikinsa ba zai ƙara ɗaukar gahawa ba, ya miƙa wa Lefteris farantin ya gudu. Ni Yaya ta sa in bi mijinta da rigar sanyi. A rana ta uku Fada ya aiko a tuna masa cewa gicciyen na coci ne.

"A ce masa saura gida ɗaya," in ji Lefteris.

Gidan tsohuwa Evdokiya ne, can ƙarshen unguwar sama, matakala ɗari da arba'in, inda babur ba ya hawa. Ƙafafunta sun daɗe da ƙin kai ta coci, kuma ni kaina na manta rabon da in leƙa ta. Ya ƙwanƙwasa ya tura ƙofar. Ta dube shi, ta dubi farantin.

"Shekara tara ke nan," ta ce. "Na ɗauka sai a jana'izata gicciyen zai sake shigowa gidan nan."

Ta sumbaci gicciyen, ta rungume shi a ƙirji ta ƙi saki. Lefteris bai ce ta ba shi ba. Ya cire hula, ya wuce kicin ya ɗora gahawa da kansa, don ya san inda take ajiye tukunyar.