Isufu Magini da Gidajen Kan Faifai

Isufu magini ne, ɗan Matameye. Neman abinci ya kai shi Aljeriya, yana can ƙasa ta girgiza, ta rushe garin da yake aiki. Shi ya shige ƙarƙashin teburin wani kafinta ya tsira da ɗingishi, amma abokinsa da ya ruga ta matakala bai fito ba.

Ya dawo gida a zamanin mulkin soja, damina ta ƙi, rumbuna wayam, ba mai kiran magini. Sai ya je lakwal, wato makarantar boko, ya roƙi darakta, Mushe Abdu, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, ya bar shi ya riƙa koya wa ƙananan yara abin da ya gani.

"Malam Isufu, ƙasarmu ba ta girgiza," in ji darakta. "Ruwa ne muka rasa."

"Gaskiya ne, Mushe. Amma yunwar nan za ta watsa yaranmu cikin duniya, kuma ba mu san inda za su sauka ba."

Sai darakta ya buɗe masa aji.

Isufu yakan gina ƴan gidajen laka a kan faifai, ya girgiza, su zube yara suna kallo. Daga nan sai ya buga gwangwani, kowa ya faɗa ƙarƙashin tebur, ya kare ƙeya da hannu, ya riƙe ƙafar tebur. Yaran da yunwa ta sa suka daina wasa sai ga su suna dariya.

Bai daina zuwa ba har tsufa ya zaunar da shi. Yara suka sa masa suna Baba Girgiza, kuma yana amsawa.