Kumburin da Muka Ɗauka Ƙibar Jego Ce

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Samaru, matata ta haifi 'yarmu ta biyu. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, don haka mahaifiyata ce ta taso daga Sabon Gari ta tare a gidanmu domin wankan jego. Ta yi aikin yadda aka yi mata: tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, bayan kowane wanka kuma kwano guda na kunun kanwa.

Kafin mako uku matata ta cika. Fuska ta yi ɓul-ɓul, ƙafafu suka yi nauyi. Duk wadda ta zo barka sai ta ce jego ya karɓe ta. Ni ma na yaba. A lokacin labarai nake karantawa a gidan rediyo, har da sanarwar kiwon lafiya, ina kuma ɗaukar kaina rabin likita.

Ran nan idon jaririyar ya fara kwantsa, muka kai ta wani ƙaramin asibiti da ke kusa da mu, ni da matata da mahaifiyata. Likita bai zo ba ranar. Wata nas muka tarar, dattijuwa, Kirista, Bazazzagiya mai magana a hankali. Ta wanke idon yarinyar, ta sa magani, ta ce ba abin damuwa ba ne. Har mun miƙe sai ta dubi ƙafafun matata.

"Malam, silifas ɗin wa ke ƙafarta?"

Na ce nawa ne, nata sun daina shiga.

Ta zaunar da matata, ta danna mata babban yatsa a ƙwauri, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, bai dawo ba. Ta riƙe wuyan hannunta tana kallon agogo, ta duba jijiyar wuyanta, sannan ta sa na'urar sauraro a bayanta ta daɗe.

"Ƙanwata, matashin kai nawa kike sawa idan za ki kwanta?"

"Uku," in ji matata. "Yanzu ma a zaune nake barci. Da na miƙe sai in ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji."

Ban san da wannan ba, domin tun ranar suna aka kore ni zuwa falo. Mahaifiyata ta sani, amma ta ɗauka saboda shayarwa ne.

Nas ɗin ta ce wannan ba ƙiba ba ce. Ruwa ne ya taru a jiki, har ya fara kaiwa huhu, domin zuciya ta gaji da turawa. Ta ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce, riƙe ruwa take yi, zafin wankan kuma ƙara wa zuciyar aiki yake yi.

Mahaifiyata ta gyara mayafi. "'Yar nan, haihuwa takwas na yi, duk da kanwa na tashi. Ga ɗaya nan a gabanki, me ya same shi?"

"Mama, shi ai ba shi ya sha ba," in ji ta. "Ni ma an ɗura mini, na tashi lafiya. Wani jikin yana ɗauka, wani ba ya ɗauka. Kawo yatsanki ki danna da kanki."

Mahaifiyata ta danna. Ta daɗe tana kallon ramin da yatsanta ya bari.

Ni kuwa, da iyawata, na ce za mu kai ta babban asibiti ranar Litinin, domin ina da labaran rana. Nas ɗin ba ta ɗago daga takardar da take rubutawa ba.

"Malam, labarai za su samu mai karantawa. Daga nan can za ku wuce, kada ku biya gida. A zaune za ta tafi, kada a kwantar da ita a mota."

Haka muka yi. Likitan da ya karɓe mu ya karanta takardar, ya yi hoton zuciya, ya tabbatar da duk abin da ta rubuta. Ya ce da mun jira Litinin, ba lalle ne ta kai ba. An kwantar da ita kwana tara, ana janye ruwan da magani.

A kwanakin nan mahaifiyata ta zama soja a bakin gado. Wata gwaggona ta kawo kunu a filas, mahaifiyata ta buɗe ta shinshina ta mayar mata.

"Da kanwa a ciki. Ki kai wa mijinki, shi zuciyarsa ba ta aikin komai."

Matata ta yi watanni tana shan magani kafin likita ya ce zuciyar ta murmure. Yarinyar yanzu tana sakandare, uwarta ce kuma ke kai ta makaranta.

Abin ya koya mini cewa sanin kalmomin lafiya daban, kallon mara lafiya daban. Mun yi mako uku muna ganin ciwo muna yi masa barka, kuma duk cikin ƙauna muka yi. Nas ɗin nan ba a kawo mata matata ba, jaririya aka kawo mata, ta kuma gama aikinta. Da ta bar mu mun fita, babu wanda zai ce ta yi laifi. Amma ta dubi wadda ke riƙe da jaririyar, shi ya sa yau 'ya'yana suke da uwa.