Malama Safiyatu da Had Diski Mai Faffaɗan Baki

Tun kafin a kaɗa ƙararrawa Malama Safiyatu take isowa Islamiyyar ƙauyenmu, kusa da Makoda. Ta share ofis, ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta zauna buga sakamakon ɗalibai. Shekara goma sha tara ke nan, watan nan kuma take ajiye aiki.

A shekarun nan da kwanon gero ya gagari talaka, kwamitin makaranta ya yarda a sayo had diski, ɗan rumbun nan da ake jona wa kwamfuta, a adana takardun yara. Shugaban kwamitin, Malam Mika'ilu, ya nace sai sabon yayi mai siririn baki, irin na cajar sabbin wayoyi.

"Shi ya fi sauri," in ji shi.

"Haka ne, Malam," ta ce. "Amma kwamfutarmu ce kaɗai sabuwa a yankin nan. Ranar da ta mutu, ina za mu jona shi? A sayo mai faffaɗan baki, yana shiga kowace tsohuwa."

Malam Mika'ilu ya ce matar da ta koyi aiki a kan tafireta me ta sani? Aka yi dariya. Mu da muke wurin ba wanda ya tanka. Aka sayo sabon yayin.

Damina biyu bayan nan ruwa ya rufto da rufin ofis, kwamfuta da takardu suka lalace. Ga yara bakwai suna neman shiga makarantar kimiyya, ranar kuma ake rufe karɓar takardu. Malam Mika'ilu ya zaga shagunan Ɗanbatta da sabon yayinsa, ba kwamfutar da bakinsa ya shiga. Aka ce mahaɗinsa sai Kano.

Nan Malama Safiyatu ta iso a kan acaɓa ta iske shi, ta zaro wani daga jakarta, mai faffaɗan baki. Ashe akuyarta ta sayar ta saye shi, duk Alhamis tana kwafe komai. Aka jona shi a tsohuwar kwamfutar wani shago, sunayen yara suka fito.

Malam Mika'ilu ya buɗe baki zai ba ta haƙuri. Ita kuwa cewa ta yi, "Malam, a yi sauri, kar a rufe."

Ke ce mai hangen da muka yi wa dariya, Malama, ba ki kuma taɓa goranta mana ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu ƙaramin aiki su yi koyi da ke. Mu kuwa da muka yi shiru ranar nan, har yau ba mu iya haɗa ido da ke ba. Ki yafe mana.